Girkanci a Ƙetare: Ranar Biki da Watannin Gwaji

A ranar 9 ga Fabrairun kowace shekara, makarantun Girkawa mazauna ƙetare kan ɗauki haramar biki. A Melbourne da Sydney, a unguwar Astoria ta birnin New York, a Toronto da Munich da Landan, yara kan hau dandamali su rera waƙoƙi, su kawo baitocin da suka haddace, wasu su gabatar da gajeren wasan kwaikwayo, sannan a raba kofuna da takardun yabo ga waɗanda suka yi fice a gasar rubutu ko ta zane. Ofisoshin jakadanci kan aiko da wakilai, limaman Cocin Otodoks su zauna a sahun gaba, iyaye kuma su ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. Gwamnatin Girka ce ta keɓe wannan rana a 2017 domin girmama harshenta, kuma a 2025 hukumar UNESCO ta amince da ita a matsayin ranar Girkanci ta duniya.

Biki ne mai daɗin kallo. Da wuya mutum ya ga yarinya 'yar shekara tara da aka haifa a Ostireliya tana furta kalmomin kakanninta, zuciyarsa ba ta motsa ba. Sai dai idan gari ya waye, da wane harshe yarinyar za ta yi wa ƙanenta magana? A mafi yawan gidaje, da Turanci. Wannan ne ya sa ya kamata a bambance tsakanin abubuwa biyu da masu shirya biki kan haɗa wuri ɗaya kamar 'yan tagwaye, wato gasa da wasan kwaikwayo. Gasa, yadda aka saba gudanar da ita, tana auna abin da yaro ya riga ya samo daga gida. Wasan kwaikwayo kuwa yana iya ba shi abin da gida ya daina ba shi: dalilin buɗe baki ya yi magana da sa'o'insa cikin harshen. Al'ummar da ke fama da ƙarancin malamai da kuɗi da lokacin yara, wajibi ne ta san inda za ta zuba ƙarfinta.

Mawaƙin da ya sake koyon harshen mahaifiyarsa

An zaɓi 9 ga Fabrairu ne saboda a ranar Dionysios Solomos ya rasu a tsibirin Corfu a 1857. Shi ne mawaƙin da Girkawa ke ɗauka a matsayin na ƙasa, domin daga doguwar waƙarsa ta yabon 'yanci, mai baiti 158, wadda ya rubuta a 1823 ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin kai daga Daular Usmaniyya, aka ɗauko taken ƙasar Girka, wanda tsibirin Cyprus ma ke amfani da shi.

Tarihin mutumin ya fi dacewa da yaran ƙetare fiye da yadda jawaban biki kan nuna. An haife shi a 1798 a tsibirin Zakynthos, inda manyan gari suka fi jin daɗin Italiyanci saboda ƙarnonin da tsibirin ya yi a ƙarƙashin mulkin Venice. Mahaifinsa basarake ne, mahaifiyarsa kuwa mai aikin gidan ce, kuma a bakinta ya fara jin Girkancin talakawa. Yana ɗan shekara goma aka tura shi Italiya karatu, ya shafe shekara goma a can. Da ya dawo gida a 1818, Italiyanci ne harshen alƙalaminsa, kuma da shi ya rubuta waƙoƙinsa na farko. Sai da ya koma yana sauraron waƙoƙin gargajiya, yana tsintar kalmomi daga bakin mutanen gari, sannan Girkancinsa ya yi ƙarfin ɗaukar waƙa.

Ke nan mutumin da ake bikin harshe da sunansa, shi kansa ɗan ƙetare ne da harshen ya kusa suɓuce masa. Kuma hanyar da ya bi ya dawo da shi ita ce zama cikin masu magana da shi. Ya kuma tsaya kai da fata a kan cewa harshen da jama'a ke magana da shi a kasuwa da gida ne ya cancanci adabi, a daidai lokacin da masana da yawa ke ƙoƙarin maido da sigar zamanin da. Waɗannan darussa biyu, na zama cikin masu magana da na fifita harshe mai rai, su ne ma'aunin da ya dace a ɗora kowace gasa da kowane wasa a kai.

Abin da ƙidaya ta nuna

Girkanci a gidansa ba ya cikin wani haɗari. Yana da masu magana kimanin miliyan 13, harshen hukuma ne a Girka da Cyprus da Tarayyar Turai, kuma an samu rubutunsa na shekaru kusan 3,400. Matsalar tana wajen gida, kuma Ostireliya ce wurin da ya fi sauƙin ganinta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin basasar Girka, dubban mutane sun kwarara can, musamman bayan yarjejeniyar ƙaura ta 1952, har Melbourne ta zama ɗaya daga cikin biranen da suka fi yawan Girkawa a wajen Girka. Ƙungiyar al'ummarsu ta birnin ta kafu tun 1897. Sun gina coci-coci da makarantu, sun kafa jaridu da gidajen rediyo da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa.

Duk da wannan hidima, ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna mutum sama da 420,000 ne suka ce asalinsu Girkawa ne, amma kimanin 230,000 ne kawai ke amfani da Girkanci a gida. Shekara goma kafin nan, a 2011, adadin ya haura 250,000. Da yawa daga cikin waɗanda suka rage tsofaffi ne da suka sauka daga jiragen ruwa a shekarun 1950 da 1960. A ƙarshen 2020 Jami'ar La Trobe ta Melbourne ta bayyana niyyar rufe kwas ɗin Girkanci saboda ƙarancin ɗalibai, kuma sai da al'umma ta tashi tsaye ta nemo kuɗi sannan aka bar shi.

Masana harshe sun daɗe da sanin wannan tafarki. Baƙon da ya iso yana magana da harshensa, ɗansa yana jin biyu, jikansa kuwa ya tashi da harshen gari, ba ya riƙe da komai na kakansa sai gaisuwa da sunayen abinci. Joshua Fishman, a littafinsa na 1991 a kan yadda ake juya akalar gushewar harshe, ya nuna cewa gaɓar da komai ya rataya a kanta ita ce miƙa harshe daga manya zuwa yara a cikin gida da unguwa. Makaranta da jarida da biki suna taimakawa, amma idan wannan gaɓa ta tsinke, ba ɗayansu da zai maye gurbinta. Haɗarin biki shi ne yakan sa al'umma ta ji kamar ta sauke nauyi. Zauren ya cika, an tafa, an yi hoto, kowa ya koma gida da natsuwar cewa harshen na nan, alhali ƙidaya na faɗin akasin haka.

Amfanin gasa da illarta

Gasa tana da amfanin da ba za a musa ba. Yaron da ake tasowa da safiyar Asabar a kai shi makarantar Girkanci, yayin da abokansa ke filin ƙwallo, yana bukatar ya ga cewa wahalarsa tana da daraja a idon wani. Gasa tana ba malami ranar da zai nufa da aikinsa, tana haɗa ƙananan makarantu da ke warwatse su san ba su kaɗai ba ne, tana kuma sa sunan harshen ya fito a jarida. Bukukuwan 25 ga Maris, ranar tunawa da juyin juya halin 1821, da na 28 ga Oktoba, ranar da Girka ta ƙi miƙa wuya ga Italiya a 1940, sun daɗe suna yin wannan aiki ta hanyar karatun waƙoƙi da fareti.

Illar tana cikin wanda ke lashewa. Tun daga 2010, lokacin da matsalar bashi ta durƙusar da tattalin arzikin Girka, dubban ɗaruruwan mutane sun bar ƙasar, kuma 'ya'yansu sun shiga azuzuwa ɗaya da tattaɓa-kunnen baƙin farko. Idan aka sa gasar rubutu tsakanin yarinyar da ta yi firamare a Thessaloniki da yaron da ke jin Girkanci awa biyu a mako, an san wanda zai ɗauki kofi tun kafin a raba takarda. Wadda ta ci ba ta cikin haɗarin rasa harshen tun farko. Wanda ya faɗi kuwa shi ne ainihin wanda ake tsoron ya fice, kuma an ƙara masa hujjar ficewa.

Akwai kuma matsalar hadda ba tare da fahimta ba. Yaro na iya kawo baiti goma da lafazi mai kyau, ya kasa tambayar kakarsa ko ta sha magani. Rubutun da ake yi a gida a aiko ma ba a san hannun wa ke ciki ba, tun a da can da iyaye ke gyarawa, balle yanzu da manhajar fassara ke cikin kowace waya. Sannan batutuwan da aka fi bayarwa sukan karkata ga yabon harshen: tsufansa, falsafarsa, da yawan kalmomin da Turanci ya ara daga gare shi. Ana yawan tuna jawaban da masanin tattalin arziki Xenophon Zolotas ya yi a Washington a 1957 da 1959, inda ya yi magana da Turanci amma ya zaɓi kalmomi masu asalin Girkanci kusan zalla. Abin burgewa ne, sai dai saƙon da yake isarwa ga yaron Melbourne mai kaifi biyu ne. Idan Girkanci na nan cikin Turancin da yake yi, me zai sa ya wahalar da kansa ranar Asabar?

In dai aune ake so, akwai ma'auni mafi adalci. Cibiyar Harshen Girka da ke Thessaloniki tana gudanar da jarrabawar shaidar iya harshe kowace shekara a cibiyoyi da dama na duniya, mataki-mataki, har da matakin farko na musamman domin yara 'yan shekara 8 zuwa 12. A can yaro yana fafatawa da matakin da ke gabansa ne, kuma aji guda na iya hayewa gaba ɗaya.

Abin da ke faruwa kafin a ɗaga labule

Darajar wasan kwaikwayo tana cikin makonnin gwaji, waɗanda 'yan kallo ba sa gani. Yaron da aka ba rawa zai maimaita jimla ɗaya sau hamsin ba tare da ya ji ana yi masa darasi ba. Zai faɗe ta yana tafiya, yana nuni, yana fushi ko dariya, har ta zauna a jikinsa. Dole ne ya fahimci abin da abokin wasansa ke faɗa, domin in bai gane ba, ba zai san lokacin da zai shigo ba. Wannan ne bambancin haddar dandamali da haddar gasa: a nan kowace jimla amsa ce ga wata, kuma akwai wanda ke jiran ta.

Abu na biyu shi ne kunya. Babban abin da ke rufe bakin jikokin baƙi shi ne tsoron a yi musu dariya, domin sun sha jin manya na kwaikwayon lafazinsu. Rawa tana ba yaro mafaka, don kuwa wanda ke magana ɗan wasa ne, kuskuren ma nasa ne. Girkawa suna da kayan aikin da ya dace da wannan sosai, wato wasan inuwa na Karagiozis, wanda suka gada daga zamanin Usmaniyya suka mai da shi nasu. Ana kafa farin ƙyalle, a kunna fitila a baya, a riƙa motsa 'yan tsana masu faɗi. Jarumin talaka ne mai doro da dogon hannu, kullum cikin yunwa, kullum cikin dabarar yadda zai ci da guminsa ko da na wani. Yaron da ba zai iya tsayawa gaban jama'a ba yana iya ɓuya a bayan ƙyalle ya saki murya. Kuma 'yan wasan kowa da karin harshensa: akwai baƙauyen tsauni, akwai ɗan gayun Zakynthos mai cusa Italiyanci a zancensa. Yaro na koyo daga nan cewa Girkanci iri-iri ne, kuma nasa mai gauraye da Turanci bai fitar da shi daga dangi ba.

Na uku, wasa yana da gurbi ga kowa. Wanda harshensa ya nuna ya ɗauki babbar rawa, mai rauni ya shiga ayarin 'yan amshi inda muryarsa ke jingina da ta wasu, wani ya riƙe fitila, wani ya kula da sutura. Na huɗu, wasa yana bin yaro har gida. Wanda aka ba shafi biyu ya haddace zai nemi mai ja masa baki, kuma sau da yawa kaka ce kaɗai ke da lokaci da harshen. A nan ne dandamali ke taɓa gaɓar da Fishman ya ce komai ya rataya a kanta.

Mutanen Atina na da sun san wannan. A babban bikin da suke yi wa abin bautarsu Dionysus, kowace ɗaya daga cikin ƙabilu goma na birnin takan fitar da ayarin mawaƙa biyu, na maza hamsin da na yara hamsin. Wato duk shekara yara 500 ne ke shafe lokaci mai tsawo suna koyon waƙa da rawa tare. Gasa ce, amma ta ƙungiya: nasara ta ƙabila ce da attajirin da aka ɗora wa nauyin ciyar da ayarin da horar da shi. Har yau akwai hasumiyar tunawa da wani attajiri mai suna Lysicrates ya gina a Atina bayan ayarin yaran da ya ɗauki nauyi ya yi nasara. Hukuncin alƙalan ma bai cika yin daidai da na tarihi ba. Wasan Medea na Euripides na uku ya zo a shekara ta 431 kafin Miladiyya, Oedipus na Sophocles kuma na biyu. Marubucin tarihi Plutarch ya ruwaito cewa bayan rundunar Atina ta sha kashi a Sisili a shekara ta 413 kafin Miladiyya, wasu daga cikin fursunonin sun sami 'yanci ko abinci saboda baitocin Euripides da ke kansu. Abin da ya cece su a baƙon gari shi ne abin da suka riƙe a ka tun suna gida.

Wane Girkanci ake ceto?

A nan akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Wasannin Girka na da ba sa bukatar ceto. Jami'ar Cambridge tana gabatar da wasa cikin tsohon Girkanci tun 1882, yanzu duk bayan shekara uku. King's College ta Landan tana yin nata duk shekara tun 1953. A Siracusa ta Sisili ana yin waɗannan wasanni a tsohon filin wasan dutse tun 1914, kuma a garin Palazzolo Acreide da ke kusa ana tara ɗaliban sakandare daga ƙasashe daban-daban su gabatar da nasu. Ɗaliban adabi a Najeriya sun san labarin Oedipus ta hannun Ola Rotimi, wanda ya mai da shi ƙasar Yarbawa a wasansa The Gods Are Not to Blame, kuma Nelson Mandela ya taka rawar sarki Creon a wasan Antigone da fursunoni suka shirya a tsibirin Robben. Wannan gado ya zama na duniya, yana tafiya da ƙafarsa cikin kowane harshe.

Abin da ke gushewa a Melbourne da Astoria shi ne harshen ɗakin girki, na tsokana da rarrashi da faɗa. Makarantar da ta sa yara 'yan shekara goma sha biyu su haddace ayarin amshi na Sophocles cikin tsohon harshe ta yi hidima ga tarihi, amma ba ta ƙara musu kalma ɗaya da za su yi amfani da ita a teburin cin abinci ba, tun da ko ɗan Atina na yau sai ya yi karatu kafin ya gane wannan harshe. Girkawa sun sha wahalar wannan gardama a gida. A 1903 an yi tarzoma a Atina, har aka rasa rayuka, saboda an gabatar da Oresteia na Aeschylus cikin fassarar da ta sauka daga tsohon harshe. Sai a 1976 dokar ƙasa ta amince da harshen jama'a a matsayin na karatu da hukuma. Bai kamata makarantun ƙetare su koma yaƙin da aka riga aka gama ba.

Haka kuma batun karin harshe. Yawancin masu jin Girkanci a Landan asalinsu daga Cyprus ne, kuma karin da yaro ke ji a bakin kakarsa ya sha bamban da daidaitaccen harshen littafin makaranta. Malamin da ke gyara masa kowace kalma ta gida yana koya masa cewa kakarsa ba ta iya magana ba. Dandamali na iya ɗaukar duka biyun. Gidan wasan Theatro Technis, wanda ɗan wasan Cyprus George Eugeniou ya kafa a Landan a 1957, ya daɗe yana nuna rayuwar baƙin haure na tsibirin a unguwar Camden, kuma irin wannan wasa da ke magana a kan haya da aikin ɗinki da auren 'ya'ya ya fi kusa da kunnen yaro.

Hujjojin masu ja

Mai ja zai ce gwajin awa biyu a mako ba zai tsayar da ambaliyar Turanci ba. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi alƙawarin haka ya yi ƙarya. Wasa gada ce zuwa gida, in gidan babu kowa a ciki mai magana, gadar ba ta kai ko'ina ba. Akwai ma hanyar da wasan kansa ke zama banza: idan mai bayar da umarni yana cewa a matsa hagu, a ɗaga murya, a sake daga farko, duk da Turanci, yaran kuma suna hira da Turanci a bayan labule, to an koma hadda da sutura kawai. Harshen da ake gudanar da gwaji da shi ya fi harshen rubutun wasan muhimmanci.

Wani zai ce asali na iya rayuwa ba tare da harshe ba. Bikin Antipodes na titin Lonsdale a Melbourne yana cika maƙil duk shekara, a Tarpon Springs ta jihar Florida samari na ci gaba da nutso cikin ruwa neman gicciye duk 6 ga Janairu, kuma da yawansu Girkawa ne a ransu ko da ba sa haɗa jimla. Wannan zaɓi ne da kowace al'umma ke da 'yancin yi. Abin da ake nema kawai shi ne a kira shi da sunansa, kuma a san farashinsa. Farashin yana bayyana a gidajen kula da tsofaffi irin na Fronditha Care a Melbourne, waɗanda aka kafa domin masu jin Girkanci. Sananne ne cewa tsofaffin baƙi da ciwon mantuwa ya kama sukan rasa harshen da suka koya da girma, su koma na ƙuruciya. Mutumin da ya yi shekara arba'in a masana'anta yana Turanci na iya wayar gari ba ya jin komai sai Girkancin ƙauyensu, jikansa na zaune a gefen gado, babu abin da zai iya ce masa.

Sai batun kuɗi. Attajiran Girka sun riƙe al'adar ɗaukar nauyi har yau, kuma ɗaya daga cikin sanannun misalai yana da tushe a Afirka ta Yamma. Anastasios Leventis, ɗan Cyprus da ya kafa kasuwancinsa a Gana ta lokacin mulkin mallaka ya faɗaɗa shi zuwa Najeriya, sunansa ne ke kan gidauniyar da aka kafa a 1979. Ita ce ta samar da kujerar farfesan al'adun Girka a Cambridge, kuma sunan nan ne ke kan makarantun koyon noma na Dogon Dawa a Kaduna da Panda a Kano. Hidima ce abar yabo. Abin da ya fi wuyar samun mai ɗaukar nauyi a ko'ina shi ne ƙaramin kashe-kashen da ba a manna wa allon suna: hayar zaure duk Asabar, ladan malamar da za ta zauna da yara ashirin wata da watanni, da ƙyalle da fitila. Attajirin Atina na da irin wannan nauyi aka ɗora masa, na ciyarwa da horarwa, kafin a zo maganar hasumiya.

Abin da ya kamata a auna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ana son 9 ga Fabrairu ta yi ma'ana, sai ta zama ranar nuna aikin da aka fara watanni kafin nan. Gasa na iya ci gaba, amma a raba ta bisa yawan harshen da yaro ke ji a gida, a fifita ta ƙungiya a kan ta mutum ɗaya, a kuma ba da lada ga wanda ya fi ci gaba daga inda ya fara. A bar yara su rubuta wasanninsu da kansu daga hirar da suka yi da kakanninsu a kan jirgin ruwan da ya kawo su da aikin farko da suka samu. A bar karin Cyprus da na Pontus da na Kirit su hau dandamali. A kuma sa doka ɗaya tak a ɗakin gwaji, cewa da Girkanci ake ba da umarni, ko da za a yi ta nuni da hannu.

Iyalan Hausawa da ke renon 'ya'ya a Landan ko Houston ko Jidda, har ma da wasu unguwannin Abuja da Legas, sun san wannan labari ba sai an fassara musu ba. Hausa, kamar Girkanci, tana da ƙarfi a gidanta, kuma tana da ranarta ta 26 ga Agusta da ake cika da kacici-kacici da karin magana a intanet. Girkawa sun riga su shiga wannan hanya da shekaru da yawa, da makarantu da coci da tallafin gwamnati, amma ƙidayar Ostireliya ta nuna duk wannan bai hana adadin raguwa ba.

Don haka rahoton da ya kamata kwamitin kowace makaranta ya nema bayan biki gajere ne. Yara nawa ne suka shiga gwaji, nawa ne suka kai ƙarshe, nawa ne suka dawo rajista a zangon da ya biyo baya, kuma da wane harshe suke tsokanar juna a bayan labule kafin a kira su. Makarantar da ta ga waɗannan alƙaluma na hawa tana iya yin bikinta da kwanciyar hankali, ko da ba ta kawo kofi ko ɗaya gida ba.